Farfesa Ransome-Kuti, hanjin yaro da halin da ake ciki a Batsari da Safana

Duk lokacin da sunan Batsari ko Safana ya fito a jarida, abin da ke biyo baya shi ne adadin waɗanda aka harbe, ko aka sace, ko aka kora daga gidajensu. Akwai wani adadin da ba ya samun shiga kanun labarai, wato na yaran da gudawa ke ɗauka ɗaya bayan ɗaya, musamman idan damina ta kankama. Irin wannan mutuwa ba ta da ƙarar bindiga. Yaro zai fara zawo ranar Talata, idanunsa su faɗa ranar Laraba, a yi masa sutura ranar Alhamis, a ce kwana ne ya ƙare. Babu shakka kwana na ƙarewa, amma kowane ajali da sanadinsa, kuma wannan sanadin an daɗe da sanin maganinsa.

A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, wadda ke aiki a Jihar Katsina tun 2021, ta bayyana cewa a cikin wata shida na farkon shekarar ta kula da yara kusan 70,000 masu fama da tamowa, an kwantar da kusan 10,000 daga cikinsu, 652 kuma sun rasu a cibiyoyinta. Waɗannan su ne waɗanda suka samu isowa asibiti. Duk wanda ya san aikin yara ya san tamowa ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. Gudawa ce abokiyar tafiyarta. Wannan ne ya sa nake so in ja hankalin mai karatu zuwa ga rayuwar wani likitan yara ɗan ƙasar nan da ya fara da binciken abin da ke faruwa a cikin hanjin yaro, ya ƙare da gina hanyar da magani zai bi ya isa ƙauye. Sunansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti.

An haife shi a Ijebu-Ode ranar 30 ga Disamban 1927. Mahaifinsa, Israel Ransome-Kuti, limamin coci ne kuma shugaban makaranta, shi ne shugaban farko na Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya. Mahaifiyarsa ita ce Funmilayo, fitacciyar mai fafutukar 'yancin mata ta Abeokuta. Ƙannensa biyu sun yi suna: Fela mawaƙi, da Dokta Beko mai kare haƙƙin ɗan Adam. Shi Olikoye ya karanci likitanci a Kwalejin Trinity da ke Dublin ta ƙasar Ayiland, ya gama a 1954. Ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan, ya ƙaro ilimin kula da yara a Ingila, daga bisani ya zama farfesa kuma shugaban sashen yara a Jami'ar Legas.

Tambayar da ta ja shi zuwa bincike mai sauƙin faɗa ce: me ya sa wasu yaran idan sun sha madarar shanu sai ta gina musu jiki, wasu kuwa sai cikinsu ya kumbura, ya yi ta ƙugi, su ɓarke da zawo? Tambayar tana da nauyi a wancan zamani, domin ƙasashen Turai da Amurka na ta aiko da madarar gari a matsayin tallafin abinci ga yaran Afirka, ana kuma samun ƙorafin cewa tana ɓata wa wasunsu ciki. Shi da wani likitan yara Ba'amurke daga Jami'ar Stanford, Norman Kretchmer, da sauran abokan aikinsu, suka gwada mutane daga ƙabilu daban-daban na Nijeriya, suka wallafa sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a 1971.

Ga bayanin a taƙaice. A cikin kowace madara akwai wani nau'in sukari da ake kira laktos. Jiki ba ya iya tsotse shi sai an raba shi gida biyu, kuma aikin rabawar na wani sinadari ne da bangon ƙaramin hanji ke fitarwa, mai suna laktes. Kusan kowane jariri yana zuwa duniya da wannan sinadari a wadace, domin nonon uwa ne abincinsa. Amma a wurin mafi yawan 'yan Adam sinadarin yana raguwa bayan yaye. Idan ya ragu, sukarin madarar sai ya wuce zuwa babban hanji yadda yake, ya jawo ruwa, ƙwayoyin halittar da ke can su dagargaza shi ya zama iska. Sakamakon shi ne kumburi da zawo. Binciken ya nuna cewa kusan dukkan Yarbawa da Ibo da aka gwada sun rasa ikon narkar da wannan sukari bayan shekarun yaye. Fulani makiyaya kuwa, kusan huɗu cikin biyar suna riƙe da ikon har girma. Hausawa da Fulanin gari suka faɗo a tsakani, mafi yawansu ba sa narkar da shi sosai. A 1975 Ransome-Kuti ya jagoranci wani binciken a kan iyalai, wanda ya nuna cewa abin gado ne, kuma yakan wadatar yaro ya gaje shi daga ɗaya daga cikin iyayensa.

Ban san wani yanki da wannan bincike ya fi dacewa da shi kamar gefen Dajin Rugu ba, inda Bahaushe da Bafulatani suka yi ɗaruruwan shekaru suna zaune tare, suna auratayya, wannan ya kawo gero, wancan ya kawo nono. Abin sha'awa shi ne iyayenmu sun warware matsalar tun kafin a san sunanta. Bahaushe bai cika shan ɗanyar madara ba, sai ta kwana ta zama kindirmo ko nono. A cikin wannan kwanan, ƙwayoyin da ke sa tsami sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, suna kuma taimakawa wajen narkar da saura a cikin hanji. Shi ya sa wanda madara ke ɓata wa ciki yakan sha fura da nono lafiya lau. Har yau ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga yaron da gudawarsa ta haura mako biyu ita ce a ƙara masa nonon uwa, idan kuma yana shan madarar shanu a musanya masa da mai tsami irin kindirmo, domin doguwar gudawa takan goge bangon hanji ta rage sinadarin laktes na ɗan lokaci, ko da a wurin ɗan Fulani ne.

A nan ne rikicin yankin ya shiga cikin hanjin yaro kai tsaye. Satar shanu da ta addabi yammacin Katsina sama da shekara goma ta kwashe garkunan talakawa, Fulani da Hausawa baki ɗaya. Rugage da dama sun tashi. 'Yar Fulanin da ke shigowa gari da ƙwarya a ka kowace safiya ta daina zuwa, wata don babu shanun, wata don tsoron abin da za a yi mata a hanya ko a kasuwa. Nono ya yi tsada, wanda ake samu ma sau da yawa an tsinka shi da ruwan kuka. Yaron da aka yaye a gidan talaka ya koma kan koko tsinkakke da ɗan tuwo, abincin da ke cika ciki amma ba ya gina jiki. Idan muna lissafin asarar da satar shanu ta jawo, mukan tsaya kan kuɗin sa da saniya. Ya kamata mu riƙa sa ƙwaryar nonon da ta ɓace daga bakin yara a cikin lissafin.

Yadda tamowa da gudawa ke cuɗanya kuwa, a ƙasarmu aka yi ɗaya daga cikin binciken da duniya ke kafa hujja da shi. A shekarun 1970 an gudanar da wani babban aikin binciken cututtuka a yankin Malumfashi, da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da masana daga Ingila. Ɗaya daga cikinsu, Dokta Andrew Tomkins, ya bi diddigin yara ƙanana sama da 300 a ƙauyukan yankin a lokacin damina, ya wallafa abin da ya gani a Lancet a 1981: yaran da suka rame sun fi saurin kamuwa da gudawa, kuma idan ta kama su ta fi daɗewa kafin ta sake su. Wato gudawa na kawo rama, rama na kawo gudawa, kamar jaki a kan turke, zagaye ɗaya yake yi har igiya ta shaƙe shi. Duk wanda ya raba abinci bai gyara ruwan sha ba, ko ya tsayar da zawo bai ciyar da yaron ba, rabin aiki ya yi.

Abin da ya bambanta Ransome-Kuti da takwarorinsa shi ne abin da ya yi da iliminsa bayan ya samu kujerar farfesa. A asibitin koyarwa ya lura cewa yaran da ake kawo masa suna mutuwa ne da cututtukan da ake iya hanawa tun daga gida: gudawa, ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro, tamowa. Kafin su iso hannunsa an riga an makara. Sai ya karkata ga horar da ƙananan ma'aikatan lafiya da koyar da iyaye mata, yana cewa a kai magani inda yaron yake.

A daidai wannan lokacin duniya na gano wani magani mai arha. Tun 1960 masanin kimiyya Robert Crane ya bayyana cewa hanji na tsotse gishiri da sukari ne tare, ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma ya bi bayansu. Daga baya aka gano cewa wannan ƙofa tana ci gaba da aiki ko a tsakiyar cutar amai da gudawa. Ma'anar wannan ita ce abin da ke kashe mai gudawa, wato ƙarewar ruwan jiki, ana iya mayar da shi ta baki, ba lallai sai da ƙarin ruwa ta jijiya ba. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likitan yara, Dokta Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a cikin durom-durom, dangin marasa lafiya na ɗiba suna ba su da kofi. Mutuwa ta sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Ina roƙon mai karatu ya lura da inda aka yi wannan: sansanin waɗanda yaƙi ya kora, babu wuta, babu isassun likitoci. A wajajen 1980 gudawa na kashe yara kusan miliyan 4.6 a duniya kowace shekara. Yau adadin bai kai rabin miliyan ba.

Da Janar Ibrahim Babangida ya naɗa Ransome-Kuti Ministan Lafiya a 1985, sai ya samu damar aiwatar da abin da ya daɗe yana koyarwa. Ya riƙe muƙamin har 1992. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwada tsarin kiwon lafiya matakin farko, ya haɗa su da jami'o'i da makarantun koyon aikin lafiya domin su yi musu jagora. A 1988 aka ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa ta farko, a 1992 aka kafa hukumar da ke kula da lafiya matakin farko ta tarayya. Ya matsa kan allurar riga-kafi, da shayar da nonon uwa zalla, da ruwan gishiri da sukari. 'Yan zamanina za su tuna yadda rediyo ke ta maimaita yadda ake haɗa shi, har yaran firamare suka haddace. Tsarin nasa kamar tsani yake: matakin ƙasa uwa ce da ta san abin yi a daren farko, sai ma'aikacin sa-kai na ƙauye, sai asibitin sha-ka-tafi, sai babban asibiti, can sama kuma ƙwararren likita.

Wannan tsanin ne rashin tsaro ya kakkarya a Batsari da Safana, kuma daga ƙasa ya fara karyewa. Bayan hare-hare irin na Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum 30, jama'ar ƙauyuka sun riƙa kwarara zuwa cikin gari, suna cunkushe a makarantu da kangwaye da gidajen dangi, inda rijiya ɗaya da masai ɗaya ke ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsu. Malamin asibitin da aka tura ƙauye yana tsoron kwana a can, kuma ba wanda zai zarge shi. Uwar da ɗanta ya fara amai da tsakar dare ba ta da halin fita sai gari ya waye, alhali jariri na iya bushewa cikin sa'o'i kaɗan. A 2021, shekarar da kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a faɗin Nijeriya, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da waɗannan biyun, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur. An yi haka ne don a matse 'yan bindiga, amma babur ɗin nan shi ne motar asibitin talaka.

Idan matakan sama sun yi nisa, nauyi ya koma kan matakin ƙasa, wato abin da uwa ta sani. A nan kuwa akwai aiki a gabanmu. Har yanzu a gidaje da yawa ana ɗaukar zawon jariri a matsayin alamar fitar haƙori, a ce a bar shi zai wuce. Gaskiyar magana ita ce lokacin haƙori shi ne lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki, kuma lokacin da ake fara ba shi kunu da ruwan randa, daga nan cutar ke shiga. Akwai masu rage wa yaro abinci da ruwa wai don zawon ya tsaya, wanda kuwa shi ne ƙara wa wuta fetur. Akwai masu matse dakashi su zubar, alhali shi ne riga-kafin farko na jariri. Akwai kuma masu rugawa kemis a haɗa musu ƙwayoyi, duk da cewa mafi yawan gudawar yara ba ta buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta sai idan akwai jini a bayan gida ko kwalara ce.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsayar da ƙa'ida: ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake kira ORS, tare da ƙwayar zink ta miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga jaririn da bai kai wata shida ba. Idan babu ƙunshin, a samu lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, kwatankwacin ledar ruwa biyu, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya wuni a zubar a sake sabo. A ci gaba da ba shi nono da abinci. Idan kuwa ya kasa sha, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya yi laushi ba ya kuzari, ko an ga jini, ko kuma dama can ya rame ko ƙafafunsa sun kumbura, to wannan na asibiti ne ba tare da jinkiri ba, domin mai tamowa mai tsanani yana da nasa haɗin daban da sai ma'aikacin lafiya ke bayarwa.

Saboda haka ina da shawarwari huɗu. Ta farko, kafin kowace damina ta faɗi, gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin biyu su tabbatar ƙunshin ORS da zink sun isa kowane ƙauye, daga Ruma da Wagini zuwa Runka da Zakka, a ajiye su a hannun waɗanda ke kwana a garin: ungozoma, mai unguwa, liman, mai shago. Maganin da ke kulle a ɗakin ajiya na hedikwata ba ya da amfani ƙarfe biyun dare. Ta biyu, a ɗauki 'ya'yan ƙauyukan nan, musamman mata, a tura su makarantun koyon aikin lafiya na Kankiya da Daura bisa sharaɗin su dawo gida su yi aiki. Ɗan gari ya fi baƙo jure zama, ya kuma san hanyar da ake bi da wadda ba a bi. Ta uku, allurar riga-kafin ƙwayar cutar rota, wadda ke kan gaba wajen jawo gudawa mai tsanani ga jarirai, ta shiga jadawalin Nijeriya tun watan Agustan 2022, ɗigo ne a baki a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma kyauta ce. Duk wata tattaunawar sulhu da ake yi a yankin ya kamata ta ƙunshi sharaɗin barin masu riga-kafi su shiga ko'ina, har da rugagen cikin daji, domin jaririn ruga bai ɗauki bindiga ba, haka kuma a tsare wa mai tallan nono hanyarta zuwa kasuwa.

Shawara ta huɗu tamu ce, mu malaman jami'a. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma maƙwabciyar Safana ce. A birnin Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Shekara sama da 40 ke nan da binciken Malumfashi, kuma tambayoyin da ke jiran amsa suna da yawa. Waɗanne ƙwayoyin cuta ne suka fi yawa a rijiyoyin da 'yan gudun hijira ke sha? Me yaron da aka yaye yake ci a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba? Wane haɗi na gero da gyaɗa da waken suya da kindirmo ne hanjin yaron da ya tashi daga doguwar gudawa zai iya ɗauka, a farashin da mahaifinsa zai iya biya? Amsa waɗannan ba ya buƙatar na'urar biliyoyin naira. Yana buƙatar ma'auni, da littafin rubutu, da ɗalibai 'yan yankin da mutane suka yarda da su, da malamin da ke auna darajar bincikensa da abin da ya canza a gidan talaka kafin ya auna ta da ƙarin girman da ya samu.

Akwai wata ɗabi'a ta Ransome-Kuti da nake ganin mun fi buƙata a yanzu. A watan Agustan 1997, da ƙanensa Fela ya rasu, shi da kansa ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce cutar ƙanjamau ce ta kashe shi, a lokacin da ko ambaton sunanta abin kunya ne. Ya yi haka ne don ya san cutar da ake ɓoye sunanta ba a yi mata magani. Ya rasu ranar 1 ga Yunin 2003 a Landan, inda ya je taron Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu ma ya kamata mu fara kiran abin da ke kashe 'ya'yanmu da sunansa. Kowane mai unguwa a Batsari da Safana ya riƙe littafi, duk yaron da ya rasu a rubuta shekarunsa da abin da ya yi fama da shi, a riƙa kai wa hakimi da shugaban ƙaramar hukuma duk wata, kamar yadda ake kai rahoton hari. Ranar da hukuma ta fara ganin wannan adadin a rubuce, ranar za ta fara tanadin gishiri da sukari yadda take tanadin harsashi. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya dawo mana da zaman lafiya.